Goron da Ɗangoggo Ya Zana

Sunansa na yanka Nasrullahi, amma idan ka shiga Karu kana tambayar Nasrullahi, sai ka gaji da yawo. Ka ce Ɗangoggo kawai, ko mai wankin takalmi zai nuna maka gidan. Goggonsa Rakiya, ƙanwar mahaifinsa, ita ta ɗauko shi daga Zariya tun yana ɗan yaye, ta rene shi tsakanin ɗakinta da rumfarta ta atamfa a kasuwar Karu. Ya tashi yaro mai kai, mai ladabi, ba ya faɗa, ba ya ɗauke-ɗauke. Aibinsa guda ɗaya ne tak, amma ya ishi mutum uku su raba: ruwan ido.

Tun yana ƙarami aka gane. Idan Goggo ta sa masa yankan nama biyu ta ce ya ɗauki ɗaya, sai ya zauna yana juya su, yana auna wanne ya fi tsoka, wanne ya fi kitse, har miya ta yi sanyi. Akwai ranar da kyanwar maƙwabta ta gaji da jiran hukuncinsa, ta yanke masa. Idan kuwa aka aike shi sayen albasa, zai zaga kasuwa kaf ya dawo hannu rabbana, amma da cikakken bayani: ta wancan Bakatsinen ta fi girma, ta bakin titi ta fi arha, ta bayan masallaci kuma kamar ta fi ƙamshi. Goggo takan dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, bayanin za mu soya?"

Ita dai Goggo ta san maganin masu ruwan ido, don da su take cin abinci. Idan mace ta tsaya a rumfarta tana ɗaga wannan turmi tana ajiye wancan, Goggo ba ta ɓata bakinta. Sai ta miƙa hannu ta janye ɗaya, ta cusa ƙarƙashin benci, ta ce, "Wannan an riga an saya." Ko dai matar ta rungumi wanda ya rage, ko ta dage sai wanda aka ɓoye. Ko ta yaya, an yi ciniki.

Da Allah ya tashi jarraba Ɗangoggo, sai ya jefa shi sana'ar da ta fi kowace yawan zaɓi. Ya karanta kwamfuta, ya kama ɗan shago a saman wani bene da ke kallon tashar Nyanya, shi da abokinsa Godspower, mutumin Edo da ya girma a Nyanya har Hausa ta kama bakinsa, ko da yake ba ta zauna daidai ba. Aikinsu rubuta manhajar waya. Masu wannan aiki ba sa fara komai daga tushe. Akwai kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta suka zuba a intanet, mafi yawa kyauta: wannan yana zana maɓallin da za a danna, wancan yana sa hoto ya motsa, wani yana sa shafi ya zame kamar an ja labule. Su ake kira laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Kuma kullum garin Allah ya waye sai an haifi sabo, da 'yan korensa masu rantsuwa cewa duk na baya shirme ne.

To, ka kai mai ruwan ido irin wannan kasuwa. Ɗangoggo ya fara manhajar da za ta gaya wa fasinja motar da ta kusa cika a tasha. Ya fara ta ajiye awon ɗinki. Ya fara wata don rumfar Goggo, wadda idan ka taɓa atamfa za ta kaɗa kamar iska ta buso ta. Kowacce shafinta na farko abin kallo ne, kowacce kuma a nan ta tsaya, domin kafin ya kai shafi na biyu wani sabon laburare ya fito, shi kuma ya rushe gini ya koma haƙa tushe. Godspower ne ke gama ayyukan da ke biyan hayar shago, da wani tsohon laburare da ya riƙe shekara da shekaru ba ya duban kowa. Shi ya raɗa wa Ɗangoggo suna Oga Lodin, wato abin nan da ke juyawa a fuskar waya yana ce maka ka jira.

Mutane kan tambaya, wanda bai iya zaɓen nama ba, yaya aka yi ya zaɓi mata? Amsar ba ta da wuya: bai zaɓa ba. Rukayya ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, ta hau benen nan ne a gyara mata kwamfuta. Ta ga mutum mai haƙuri da natsuwa, ya yi mata. Da ta lura cewa idan ta biye masa za su tsufa yana nazari, sai ta ce masa, "Ka turo manyanka." Ya turo. Kuma gaskiya yana sonta, so na haƙiƙa, irin wanda idan ta kira shi yakan miƙe tsaye kafin ya amsa wayar.

Mahaifinta Alhaji Badaruddeen Bakatsine ne, tsohon darakta da ya yi ritaya, yana zaune a gidan da ya samu tun Maitama ba ta san kanta ba. Mutum ne mai magana a hankali, irin waɗanda sai ka isa gida kake gane sun yi maka faɗa. Bayan an sa rana, Ɗangoggo ya je gaisuwa, ya tarar ana maganar buga katin gayyata. Da ya yi shiru da ya tsira. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Baba, ai ba sai an buga kati ba," in ji shi. "Ni zan haɗa gayyata ta waya, mai motsi, irin wadda ba a taɓa gani ba a Abuja."

Alhaji ya zare tabarau ya dube shi. Ashe labarin manhajojin da ba su da shafi na biyu ya riga ya iso Maitama.

"Madalla, Malam Nasrullahi. To ba zan buga kati ko ɗaya ba. Idan gayyatarka ta isa ga mutanena kafin ƙarshen watan nan, rana tana nan yadda aka sa. Idan ba ta isa ba, sai mu ɗaga bikin, ka samu sukunin gamawa. Ai ba a yi wa gwani gaggawa."

Ɗangoggo ya fito yana murmushi, shi a tunaninsa yabo aka yi masa. A bakin ƙofar gida Rukayya ta tare shi, fuskarta ba wasa. Ta ce, "Ka ji abin da Abba ya ce, to ga nawa. Idan aka ɗaga ranar nan saboda kai, kada a sake sa wata da sunana."

Abin da ya yi niyyar zanawa kuwa ya yi kyau, ba za a hana shi ba. Goro ne, fari sol, a kan faifai. Idan ka ɗora yatsu biyu ka ware su, sai goron ya ɓare gida biyu, sunan ango da amarya su fito daga tsakiya, sannan rana da masallaci da wurin walima. Sauran dai a zaɓi laburaren da zai ɓare goron.

Uku ya ware, kowanne ya ba shi suna. Akwai Giwa, wanda babu abin da bai iya ba, har inuwar goro yana zanawa da sheƙin jikinsa, amma nauyi gare shi. Akwai Sauro, mara nauyi, ko a wace waya yana tashi, sai dai komai da hannunka za ka zana, ba ya taya ka da komai. Sai kuma Amarya, sabon shiga, wanda duk intanet ke yi wa guɗa, amma masu shi ba sa mako ba su sauya masa fasali ba.

Yana da wata al'ada ta gwaji da ba kowa ke yi ba. Da safe sai ya shiga motar haya ta cikin gari, ba don yana da wurin zuwa ba, sai don gosulon Nyanya. Idan motoci suka tsaya cak, kowa ya gaji da kallon ƙeyar na gabansa, sai ya fara, "Don Allah Malam, ara min wayarka in gwada wani abu." A nan ake samun wayoyin gaskiya, masu fasasshen gilashi, waɗanda hotunan biki suka cika musu ciki. Giwa ya sa wayar wani mai sayar da agogo ta yi zafi har ya sauya hannu, ya kuma lashe masa data, sai da Ɗangoggo ya ba shi haƙuri tun daga gada har bakin bariki. Amarya ta yi rawar gani ranar Litinin, ranar Alhamis ta ƙi tashi. Sauro ya tashi a kowace waya, amma goronsa a lokacin ya fi kama da dankali.

Hankali ya ce a ɗauki Sauro a gyara dankalin. Ɗangoggo ya ce bari dai ya ƙara dubawa. Ya koma Giwa, ya dawo Amarya, ya gano wani na huɗu da wani ɗan ƙasar waje ya rubuta ya watsar. Wata ya raba tsakiya, ba goro, ba faifai. Rana kuwa ba ta ƙarya.

Godspower ne ya kai ƙara Karu. Washegari da hantsi sai ga Goggo ta hawo benen nan tana haki, ta bar rumfa a hannun maƙwabciya. Ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Ina abin da ke kawo muku sababbin nan?" Godspower, munafuki, ya nuna ɗan akwatin intanet da ke kan taga. Ta cire shi, ta miƙa hannu ta ce a ba ta wayar ɗanta ma. Ta haɗa biyun ta ƙulle a bakin zaninta, ta soke a ƙugu.

"Goggo, ai aikin ba zai yiwu ba babu intanet."

"Wanne ne ke cikin na'urarka yanzu, wanda ba sai an ɗebo ba?"

Ya duba, ya ce da ƙaramar murya, "Sauro."

"To sauran an riga an saya," in ji Goggo.

Haka ta riƙa zuwa kullum tana zama, tana jan carbi, tana leƙen tasha ta taga, tana yi wa kwandastoci sharhi. Ɗangoggo ya yi fushi, ya yi magiya, ya kawo hujjoji masu ƙarfi, Goggo ta ce ba ta jin Turanci. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya duƙufa. Abin mamaki, ashe mutumin ya iya aiki. Da hannunsa ya zana goron, jijiya bayan jijiya, har ɗan tabon nan na gefe. Ya sa ɓarin biyu su rabu a hankali, da 'yar ƙara ƙas kamar ta gaske. Ranar da ya gama, ya ɓare shi a gaban Goggo, ta ce, "Kai, har na ji yawu ya tsinke min." Bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, domin wannan ne abu na farko da ya kai ƙarshensa tun da aka haife shi.

Godspower ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Oga, abeg, ka sa ƙaramin rubutu. Babu button, babu komai. Mutane ba zai san inda za a taɓa ba."

Ɗangoggo ya ji kamar an ce ya liƙa talla a goshin amarya. Ya ce abu mai kyau ba ya buƙatar bayani, kuma wane Bahaushe ne zai ga goro bai san ɓare shi ake yi ba? Abin da bai lura ba shi ne, duk wanda ya nuna wa goron nan, da yatsunsa shi ya ɓare masa.

Goggo ta kwance bakin zani ta mayar musu da kayansu, aka tura gayyata. Samari da 'yan mata, da yake hannunsu ya saba ware hoto don su ga ƙwaƙwaf, nan da nan goro ya ɓare musu, suka yi ta turo yabo. Daga wajen dattawa ma saƙo ya yi ta shigowa: "Mun ga goro, Allah ya sanya alheri." "Goro ya iso, Allah ya kai mu." Ɗangoggo ya riƙa karantawa yana hura hanci, har tafiyarsa ta sauya.

Sai ga kira daga Maitama. Ya tarar da Alhaji Badaruddeen a falo, waya a kan gwiwa, farin goro na zaune a fuskarta lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Malam Nasrullahi, goronka ya yi kyau ƙwarai. Kullum sai na buɗe na duba shi. Mutanena na Katsina da Zariya da na nan gari duk sun samu, sun yi addu'a. Yanzu suna kirana suna tambaya, yaushe ɗan aike zai zo ya faɗi rana?"

Ɗangoggo ya ji ƙasa ta yi masa nisa. Ya manta abin da ko yaron goye ya sani: dattijo idan aka kawo masa goron biki, ba ya hau shi da ɓara a gaban mutane kamar mayunwaci. Yakan karɓa, ya yi addu'a, ya ajiye, ya saurari bakin wanda ya kawo. Mutanen nan ba su yi kuskure ba, ladabi suka yi wa goronsa. Ya matsa kusa da Alhaji, ya ɗora yatsu biyu a kan wayar, goro ya ce ƙas, sunaye suka fito. Alhaji ya ɗan ja baya, ya ce, "Ikon Allah. Ashe da magana a cikinsa." Sannan ya ƙara da cewa, a hankali kamar kullum, wata dai saura ƙiris ya ƙare.

Ana cikin wannan, sai shaiɗan ya turo nasa saƙon. Laburaren nan Amarya ta fitar da sabon salo, har da wani ɗan hannu mai motsi da ke nuna wa mutum inda zai taɓa. Daidai abin da ya rasa. Sai dai kafin a samu hannun, dole a rushe goron Sauro a sake shi tun daga tushe. Ɗangoggo ya samu Rukayya a tsakar gidan Alhaji ya hau bayani, idonsa na ƙyalli: wannan ya fi, wannan ne na zamani, da ma tun farko shi ya kamata ya ɗauka.

Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, "Nasru, ba goron ne ke ba ni tsoro ba. Ni ma fa da aibina. Wata rana za ka ga wadda ta fi ni, da ɗan hannunta mai motsi. Ranar nan rushewa za ka yi ka koma tushe?"

Maganar ta shige shi har ƙashi, kuma ya ji kunya ta gaske, don ya san ba ƙazafi ta yi masa ba. Ya koma Nyanya, ya buɗe goronsa na Sauro, ya rubuta a ƙasansa da manyan baƙaƙe marasa ado: "Sa yatsu biyu ka ɓare goron." Godspower ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin dattijon da ya riga ya yi wa saƙo addu'a ba ya komawa kansa. Dole ɗan aike ya je. Goggo ta sayo ƙwaryar goro na gaske ta ƙulla masa a leda, ta ce, "Da ma gayyata da ƙafa take tafiya." Ya bi Karu gida gida, ya bi shagunan Kanawa da Zazzagawa na Nyanya, ya hau Maitama inda masu gadi suka yi ta yi masa tambayoyi kamar ya zo neman biza. Ko'ina sai ya durƙusa ya gaisa, ya miƙa goro na ci, sannan ya nemi waya ya kama yatsun dattijo ya koya masa ɓare na gani. Na Katsina da Zariya kuwa ta waya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "A'a Baba, ba dannawa ba, warewa za ka yi."

Abin da bai yi tsammani ba, tsofaffin nan sun ji daɗin abin fiye da yara. Wanda ya iya sai ya zama malami. A majalisa, a ƙofar masallaci, a rumfunan kasuwa, sai ka ji ƙas, ƙas, dattawa na ɓare goro suna dariya, suna tura wa abokansu don su ma su gwada. Duk wanda ya ɓare kuwa ya ga rana da wuri, kuma a ganinsa an gayyace shi. Kafin wata ya mutu, Alhaji Badaruddeen ya kira ya ce gayyata ta isa, har ta yi yawa, don wani da rabonsa da shi tun suna makarantar firamare ya bugo yana tambayar masauki.

Ranar ɗaurin aure masallaci ya cika ya batse, sahu har kan titi. Shinkafa ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, aka sake ɗora tukwane. Alhaji yana gaisawa da mutanen da bai taɓa gani ba, kowa na nuna masa waya a matsayin shaida. Da ya samu sarari ya riƙo hannun angon ya ce, "Malam Nasrullahi, ka gama." Kalma biyu ce, amma Ɗangoggo sai da ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa.

Da yamma a wurin walima, yana zaune kusa da Rukayya cikin babbar riga, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Godspower, wanda ba ya ganin zaman lafiya ya ƙyale, ya sunkuyo ya raɗa masa, amma yadda amarya za ta ji: "Oga, ni na turo. Wani sabon library ya fito yau. Sun ce ya fi Giwa, ya fi Amarya, ya fi duka."

Hannun Ɗangoggo ya shiga aljihu da kansa, don hali zanen dutse ne. Ya ciro wayar. Rukayya ko juyowa ba ta yi ba, amma ta daina murmushi. Ya dubi hasken da ke fuskar wayar, ya dubi gefen fuskarta. Sai ya miƙe, ya ratsa mutane har inda Goggo Rakiya ke zaune cikin ƙawayenta 'yan kasuwa, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.

"Goggo, ƙulle min wannan a zaninki."

Ta karɓa tana dubansa. "Har zuwa yaushe?"

Ya waiwaya wajen da Rukayya take, ya ce, "Duk wanda ya tambaya, ki ce an riga an saya."